Lambata da Lambar Umma

Ku da kuka saba da surutuna a nan, da ke da yau ce ranarki ta farko, ku matso kusa kaɗan, don maganar yau ba ta ɗaga murya ba ce. Ni ce auta a gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana, har yaran da nake koyarwa a makarantar ƙanana Anti Auta suke ce min. Shekarata ashirin da huɗu. Ina da gida mai ɗaki huɗu da baranda da bishiyar lemo a tsakiya, sai dai har yau gidan nan a cikin wayata yake zaune.

Wanda zan aura ne ya zana shi. Sana'arsa ke nan, zanen gine-gine, shi ya sa tun ranar da ya fara sallama a ƙofar gidanmu Umma ta laƙaba masa Mai Zane, sunan kuwa ya bi shi har ni ma na koma kiransa da shi. Samarin ƙawayena hoton fure suke turo musu da kalamai masu sa mutum ya rufe fuska. Nawa kuwa, ina tsakiyar share wa yaro majina sai in ji wayata ta motsa a aljihu, in duba in ga hoton kusurwar ɗaki, a ƙasa an rubuta: "Taga ɗaya ko biyu?" In na ce biyu, kafin a tashi makaranta ya turo sabon zane da taga biyu, har da ɗan layin haske da ya ja ya sauka daidai inda gado zai zauna. Ku yi min dariya in kun ga dama, amma ni wannan layin ya fi min fure.

Filin yana bayan gari, babu komai a cikinsa sai ciyawa da duwatsun iyaka. Duk da haka na san gidan nan fiye da wanda aka haife ni a ciki. A motar haya in za ni aiki, nakan jingina kaina da gilashi in lumshe ido, in tura ƙofar, in cire takalmi, in ji sanyin daɓen a tafin ƙafata. Sai in ratsa falo in shiga kicin in ɗora ruwan shayi, in dawo in leƙa ƙaramin ɗakin da Mai Zane ya bari babu suna a zanen, wanda duk sanda na tambaye shi na wane ne sai ya sosa ƙeya ya ce ai na sani. An sha wuce inda zan sauka ina can ina gyara shimfiɗa a ɗakin da ba a ɗora masa ko bulo ɗaya ba.

Ba ni kaɗai abin ya taɓa ba, Umma ma ta shiga ciki. Ita tela ce, da keken ɗinkinta ta rene mu tun rasuwar Abba. Ɗakin ɗinkinta shi ne na kusa da ƙofa, mai ƙamshin sabon yadi da man keke, guntayen ƙyalle a ƙasa, almakashi rataye a ƙusa, tef ɗin awo kullum a wuyanta, har sallah takan manta ta tayar da shi. Da ta ga zanen ba ta ce ya yi kyau ba, ba ta kuma ce bai yi ba. Tabarau ta gyara, ta ce a gaya wa Mai Zane ya turo mata tsawo da faɗin kowace taga. Haka Umma ta fara ɗinka labulayen gidan da ko harsashinsa ba a haƙa ba, tana ninke su a tsohon akwatin Abba.

A zanen akwai ɗaki ɗaya kusa da ƙofar shiga, mai babbar taga ta gabas, an rubuta a kansa "ɗakin Umma". Mai Zane ya ce ya ba shi wannan tagar ce don ta riƙa ganin kafar allura ba sai ta kira kowa ba. Umma ta taɓe baki ta ce ita ba mai zaman gidan suruki ba ce, ya je ya mai da shi ɗakin ajiyar tarkace. Amma ita da ƙafarta ta je ta zaɓo wa tagar yadi kore mai haske, ta cusa shi can ƙasan sauran, ta ce shi za ta ɗinka a ƙarshe in ta sami sarari.

Yanzu bari in gaya muku abin da ke kwance a gidanmu, wanda ba a cika son ambatonsa ba. Umma tana da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, muna ce mata Inna Babba. Ciwon daji ne ya ɗauke ta, irin wanda ke kama ƙwan mahaifa, kuma ba a gane ba sai da ya ci ƙarfinta. Ni kuwa tun ina zanin goyo kowa ke cewa ita na ɗauko: wushiryarta, dogon wuyanta, yadda take karkata kai in tana sauraro, har dariyarta. A gidanmu kuma kama ba abin wasa ba ce. An yi imani cewa wanda ka ɗauko a fuska, shi ka ɗauko a ciki. Yayana kuwa Abbanmu ya ɗauko, don haka tun yana saurayi aka rage masa gishiri, gudun hawan jini irin na Abba. Ni kuma in na ce marata na murɗawa, sai in ga Umma ta tsayar da keke tana kallona, irin kallon da na san ba ni take gani ba.

Da aka fara maganar tsayar da ranar aure, sai wata mai kawo ɗinki ta gaya wa Umma wai akwai gwajin jini da ke nuna irin ciwon Inna Babba tun bai yi nisa ba, sunansa CA-125. Umma ta ɗauki maganar nan ta riƙe da hannu biyu, ta ce ba zan shiga ɗakin miji ba sai an yi min. Ni kuwa tsoron allura nake kamar me, 'yar tela guda, ku ji fa. Na yi magiya, na yi shagwaɓa, daga ƙarshe na ce sai dai mu yi tare, kuma a fara da ita.

"Ni da na gama komai, me za a nema a jinina?" in ji ta.

Amma ta yarda, don ta san halina. Shekarunta hamsin da bakwai, al'ada ta ɗauke mata tun ina sakandare, kuma ban taɓa ganin ta je asibiti don kanta ba, sai dai rakiya. A 'yan watannin nan ma har jiki ta yi. Na sha samunta tana farke ƙugun siket ɗinta tana ƙara masa faɗi, alhali in mun zauna cin abinci loma kaɗan take yi ta ture kwano ta ce ta cika. Na tsokane ta na ce, mai cin tsuntsu, ina ake samo wannan tumbin? Ta ce daɗin rabuwa da ni ne ya fara zauna mata. Muka yi ta dariya, har ni na riƙe mata bakin tef ɗin tana auna kanta.

Mai Zane ne ya kai mu ɗakin gwajin a motarsa. Na sa doguwar riga ruwan madara mai ƙananan furanni a hannu, ɗinkin Umma, da mayafi ruwan zuma, na fesa turaren da ya ce yana so har sau biyu. Abin da ba ku sani ba, ranar ina tsakiyar fashin sallah, marata kamar ana matse wanki, amma ko a fuska ban nuna ba. Wurin ƙarami ne, kanta ɗaya, benci biyu, fanka tana juyi a kasalance. Mai Zane ya karɓi jakata ya riƙe min, ya tsaya a bayana kusa har ina jin ƙamshin gugar rigarsa. Matar da ke bayan kantar, mai farar riga, ba ta ko ɗago kai daga kwamfuta ba ta jefo tambaya da muryar da za a ji a titi:

"Kina al'ada yanzu? Ko kina da ciki?"

'Yan uwa, ku ɗauka ku ne. Ga Mai Zane a bayana, ga Umma a gefena, ga wasu maza biyu a kan benci sun ɗago daga wayoyinsu. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Tun matar ba ta rufe baki ba na ce, "A'a." Umma ta kalle ni ta gefen ido, don ta fi kowa sanin halin da nake ciki, amma ita ma kunyar suruki ta kama ta, sai ta kau da kai tana gyara mayafi. A raina na ce ai tambaya ce irin wadda ake yi wa kowa, me ya haɗa jinin hannu da wancan? Aka ɗebi na Umma, aka ɗebi nawa ina runtse ido, muka fito.

A hanyar dawowa ya biya da mu filin. Rana ta yi sanyi, iska na kwantar da ciyawa tana tayarwa. Umma ta ce mu je ita tana mota, cikinta ya yi mata nauyi. Mai Zane ya shige gaba yana taka ciyawar a hankali, ya tsaya ya yi kamar yana murɗa hannun ƙofa, ya matsa gefe ya ce in shigo. Na shiga. Ya nuna min inda zan tsaya in ga bishiyar lemo daga kicin, ya ce in yi hankali da matakalar baranda, ni kuwa har ƙafa na ɗaga. Da muka zo inda ƙaramin ɗakin yake sai muka tsaya mu biyu, kowa na kallon ciyawa. Ban taɓa jin daɗin rayuwa irin na yammacin nan ba.

Sakamakon ya shigo wayata ina makaranta, yara sun fita tara. Duka biyun ni aka turo wa, don Umma ba ta buɗe saƙo. A gefen kowanne an rubuta cewa bai kamata lambar ta wuce talatin da biyar ba. Ta Umma hamsin da takwas. Tawa saba'in da ɗaya. Na zauna a kan 'yar kujerar yara, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata, ina kallon lambar har wayar ta yi duhu. Fuskar da na gani a baƙin gilashin kuwa ta Inna Babba ce.

Ina komawa gida na gaya wa Umma, kafin la'asar kuwa Gwaggo ta iso. Ƙanwar Abba ce, kuma tun rasuwarsa ta naɗa kanta alƙaliyar gidanmu, ba wanda ya roƙe ta. Ta shigo da ƙaton mayafinta da ƙarar awarwaro, ta zauna a kujerar masu kawo ɗinki, ta sa na karanta mata lambobin sau biyu. Da ta Umma ta fara, ta yi watsi da ita. Ta ce wannan ai tsufa ne, hawan jini da suga da komai da shekaru suke hawa, ita ma in an auna nata za a samu ya fi haka. Har da cewa lambar Umma shekarunta ta biyo, aka ƙara mata ɗaya gyara. Amma yarinya ɗanya ta kai saba'in da ɗaya, in ji ta, wannan kam ba sai an faɗa ba, kowa ya san wadda na ɗauko.

Sai ta yanke hukunci. Ta ce kada maganar nan ta fita daga ɗakin nan, musamman kunnen dangin Mai Zane. A matso da ranar aure kusa, in an shiga daga ciki duk abin da ya zo ya same shi a wuyansa. Ta ce tana faɗa ne don tana ƙaunata, kuma na yarda, don idonta ya kawo ruwa tana maganar. Zare na gani a hannun Umma tana ta neman kafar allura tana kuskurewa, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo.

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda zan kwatanta muku su ba. Ina zuwa aiki, ina rera wa yara waƙa, ina ɗaure musu igiyar takalmi, amma kamar daga bayan labule nake kallon komai. A motar haya in na lumshe ido gidan yana nan, sai dai in na tura ƙofar ba ni ce ke ciki ba. Wata ce daban, ba na ganin fuskarta, tana yawo ba takalmi a kan daɓena, tana ɗaga labulen da Umma ta ɗinka, tana fitowa daga ƙaramin ɗakin da jariri a kafaɗa. Ba haushinta nake ji ba, tausayin kaina nake ji, kuma tsoro nake ji ƙwarai. A gida kuwa keken Umma ya daina hutawa. Ta ture ɗinkin mutane gefe ta kama labulayena ba ji ba gani, na falo, na kicin, na ƙaramin ɗaki, kamar wadda aka ce za a ƙwace mata yadin.

Saƙonnin Mai Zane suka taru ban amsa ba. "Famfon kicin hagu ko dama?" Can kuma, "Auta, lafiya?" Can kuma hoton baranda da kujera biyu, babu rubutu. Wannan hoton ne ya karya ni. Na san maganar Gwaggo, na kuma san ba zan iya shiga gidan da mutum ya zana min da zuciya ɗaya ina ɓoye masa abu a bayana ba. Na tura masa sakamakona, na rubuta a ƙasa: "Ka dakatar da zanen."

Da yamma sai ga sallamarsa, da ƙurar wurin aiki a takalminsa. Muka zauna a falo, ni a wannan kujera shi a waccan, ƙarar keken Umma na shigowa ta bango. Na ba shi labarin Inna Babba, na gaya masa abin da Gwaggo ta ce a ɓoye. Na yi ta maza na ce in abin ya tabbata na yafe masa, ya nemi wadda za ta cika masa ƙaramin ɗakin. Ya bar ni har na kai aya, sannan ya tambaye ni wane likita ne ya ga sakamakon. Na ce babu.

"To wa ya fassara muku?"

"Gwaggo."

Ya sunkuyar da kai, na ga kafaɗunsa na rawa, ashe dariya yake dannewa. Haushi ya kama ni na ce ni ina maganar mutuwa shi yana dariya. Ya ɗago, idonsa ya yi ja, na gane ba dariya kaɗai ba ce.

"Auta, tagogin nan ke kika zaɓe su ɗaya bayan ɗaya. Wa zan kai ta zauna a cikin zaɓinki? Mu je mu ga likita. Abin da ta ce, tare za mu ji."

Ya samo mana likitar mata. Ranar na sa baƙar doguwar riga, Umma ta ce in cire, ba gidan makoki za mu ba, ta miƙo min mai ruwan hoda. Ita kuma ta ɗauko leda ta saka koren yadin nan da allura da zare, don duk sauran labulayen ta gama, shi kaɗai ya rage, kuma hannunta ba ya iya zaman jira haka kawai. Mai Zane ya ce zai tsaya a mota, in an gama in taɓa shi. Da aka kira ni Umma ta ce in shiga ni kaɗai. Na bar ta a kan bencin jira ta baza koren yadin a cinya.

Likitar gajeruwa ce mai furfura a gaban goshi, ta soke biro a ɗankwalinta. Ta karɓi wayata ta duba, ta tambayi wanda ya ce a yi min wannan gwajin. Na ce wata mai kawo ɗinki. Ta kalle ni ta saman tabarau, ta girgiza kai kawai. Ta tambaye ni ko ina rama, ko cikina na kumbura, ko ina saurin ƙoshi, duk na ce a'a. Sannan ta ce, ranar da aka ɗebi jinin, ina nake a watana? Na waiga. Babu namiji a ɗakin, babu benci, daga ni sai ita. Na gaya mata gaskiya, har da dalilin da ya sa na ce a'a.

Ta aje wayar ta yi dariya mai taushi, irin ta uwa. Ta ce abin da gwajin nan ke aunawa ba ciwon daji kaɗai ke fitar da shi ba, fatar da ta lulluɓe cikin mahaifa da cikin ciki ma tana fitarwa. Mace mai shekaruna, wadda sinadaran jikinta ke juyawa duk wata, lambarta hawa take tana sauka. Lokacin al'ada takan hau, farkon ciki takan hau, ƙari a mahaifa ko kumburi a mara ma sukan ɗaga ta. Ta ce shi ya sa aka yi min waccan tambayar, ba don a kunyata ni ba, kuma shi ya sa ba a yin gwajin nan haka siddan ba tare da likita ba. Ta kwantar da ni ta shafa min wani abu mai sanyi a mara, ta yi ta yawo da na'urar hoto tana kallon allo.

"Ban ga komai ba sai lafiya," ta ce. "Ki dawo bayan kin gama al'ada a sake ɗiban jinin, ina sa ran za ki ga ta sauko. In an tambaye ki kuma, ki faɗi gaskiya ko da surukanki duka suna tsaye."

Ban san sanda hawaye suka zubo min ina dariya ba. Ina kwance a kan gadon nan na ji gidan ya dawo min gaba ɗaya, ƙofa a buɗe, ruwan shayi na tafasa, waccan matar ta tafi, ni ce a tsaye a baranda. Daɗi ya sa bakina ya ƙi rufuwa. Ina gyara riga ina zuba mata surutu, na ce ai Gwaggo ce ta ruɗa mu, ita ta ce tawa ce abin tsoro, ta Umma kuwa tsufa ne kawai, har ta ce shekarunta lambar ta biyo da gyara.

Likitar ta tsaya da wanke hannun da take yi.

"Ummanki ma an yi mata? Nawa ce tata?"

"Hamsin da takwas. Ai ba ta kai tawa ba."

"Shekarunta nawa? Tana al'ada har yanzu?"

Na faɗa mata. Ta goge hannunta a hankali, ta dawo ta zauna, ta ce in zauna ni ma. Murmushin nan ya tafi, amma muryarta ba ta canza ba. Ta ce akwai gwaje-gwajen da lambarsu ke hawa da shekaru, amma wannan ba ya cikinsu. In al'ada ta ɗauke wa mace, abubuwan da ke ɗaga lambar nan duk wata sun kwanta, don haka sauka take yi ta zauna ƙasa. Saba'in a jikina ranar al'ada ba ta tayar mata da hankali ba, amma hamsin da takwas a jikin da ya daɗe da yin shiru, dole a tambayi abin da ya tashe ta. Sai ta sake jero tambayoyin da ta yi min ɗazu, wannan karon a kan Umma. Cikinta na kumbura? Tana saurin ƙoshi? Tana jin nauyi a mara?

Ƙugun siket ɗin nan na gani ana farkewa, da kwanon da ake turewa, da hannuna riƙe da bakin tef ina dariya.

Ta tambayi yadda Inna Babba take da Umma. Na ce yayarta ce, ciki ɗaya, amma ai ni ce na ɗauko ta, kowa ya sani.

"Ciwo ba ya duba fuska, 'yata. Ummanki ta fi ki kusa da ita." Ta dafa hannuna. "Ban ce shi ne ba. Abubuwa da yawa kan kawo haka, kuma lamba ita kaɗai ba ta yanke hukunci. Amma ina so in duba ta yau, ba gobe ba. Tana ina?"

Na buɗe ƙofar. Umma na nan inda na bar ta, hasken tagar asibitin ya sauka a kan koren yadin, tana kalmasa bakinsa da ƙananan ɗinki masu kyau. Hannunta ɗaya ya bar allurar ya tafi ya dafe cikinta, ya ɗan jima a wurin, ya dawo. Sau nawa ta yi haka a gabana ban gani ba? Ta ɗago ta gan ni, ta miƙe da sauri har zaren ya gangara ƙarƙashin benci.

"Me ta ce?"

"Ta ce lafiyata ƙalau, Umma."

Ta rufe fuskarta da labulen. Na ji tana hamdala a ciki, kafaɗunta na rawa, sannan ta sauke shi tana dariya da hawaye, ta ce to maza mu tafi gida ta kira Gwaggo, yau har abinci za ta ci da yawa. Ta fara ninke yadin. Na karɓe shi daga hannunta, na cire mata tef ɗin awon da ta manto a wuya, na riƙe yatsunta.

"Umma, likita na son ku gaisa."

"Ni kuma? Ai ni rakiya na zo."

"Na sani. Yau ni zan raka ki."

Ta dube ni ta karkata kai, ta daɗe tana dubana, sannan ta gyara mayafinta ta shige gaba. Muna bakin ƙofar wayata ta motsa. Mai Zane ne daga mota: "Me aka ce? In ci gaba da zanen?"

Na tsaya da koren labulen a hammata, allurar Umma na soke a bakinsa inda ta tsaya, na rubuta masa da hannu ɗaya: "Zanen ya isa haka. Ka kira magina. Da ɗakin Umma za a fara."